Me binciken majalisa yake haifarwa bayan bala'in man fetur, kuma me ya sa bai cika kaiwa ga dokar sauyin yanayi ba?

Tambaya: Duk lokacin da rijiyar mai ta fashe ko ɗanyen mai ya malala, sai mu ji majalisa ta kafa kwamiti, ta gayyato shugabannin kamfanoni, a yi ta ɗaga murya a gaban kyamara, daga nan kuma sai shiru. Shin wannan bincike yana da wani amfani kuwa? Sannan me ya sa irin waɗannan masifu ba sa tura 'yan majalisa su yi doka mai ƙarfi a kan sauyin yanayi?

Amsa: Malam, tambayoyi biyu ka haɗa, kuma ka yi daidai da ka haɗa su, domin akwai shekarar da dukansu biyu suka faɗo a gaban majalisa ɗaya, har ma a hannun mutane ɗaya. Shekarar ita ce 2010, majalisar kuwa ta Amurka ce. Zan bi abin da ya faru a can daki-daki, saboda ban san wani misali da ya fi shi nuna ƙarfin majalisa da rauninta a lokaci guda ba, sannan in dawo gida Najeriya, inda batun ya shafe mu kai tsaye.

Da farko ya kamata a san cewa majalisa ba kotu ba ce. Ba ta ɗaure kowa, ba ta yanke diyya. Abin da yake hannunta shi ne ta tilasta a kawo mata takardu da shaidu, ta gyara doka idan binciken ya nuna giɓi, kuma ta ba hukumar da ke sa ido kuɗin aiki ko ta hana ta. Wanda ya auna zaman kwamiti da yawan faɗan da aka yi wa shugaban kamfani ya auna shi da mudun da ba nasa ba.

A daren 20 ga Afrilu, 2010, iskar gas ta ɓalle daga rijiyar Macondo da ke mashigin tekun Meksiko, kimanin kilomita 66 daga gaɓar jihar Luwiziyana, ta kama da wuta a kan dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon. Ma'aikata 11 suka rasu, bayan kwana biyu dandamalin ya nutse. Bakin rijiyar yana ƙarƙashin ruwa mai zurfin kusan mita 1,500, inda ɗan Adam ba ya iya sauka, don haka mai ya yi ta kwarara har kwana 87, sai ranar 15 ga Yuli aka samu aka toshe shi. Rijiyar ta kamfanin BP ce, dandamalin na Transocean ne, Halliburton kuma shi ya yi aikin simintin da ya kamata ya liƙe rijiyar.

Zaman farko da jama'a suka gani, wanda kwamitin makamashi na majalisar dattawa ya yi ranar 11 ga Mayu, irin wanda kake kuka da shi ne. Manyan jami'an kamfanonin uku suka zauna a jere, kowa yana nuna ɗan'uwansa da yatsa: BP ya ce na'urar toshe rijiya ta Transocean ce ta gaza, Transocean ya ce umarnin BP yake bi kuma a duba siminti, Halliburton ya ce yadda BP ya tsara haka ya zuba. Da a nan aka tsaya, da na yarda da kai cewa ɓata lokaci ne.

Aikin gaske a bayan fage aka yi shi. Kwamitin makamashi da kasuwanci na majalisar wakilai, ƙarƙashin Henry Waxman, yana da ma'aikata ƙwararru, lauyoyi da masu binciken da suka san abin da za su nema, kuma sun sa kamfanonin sun miƙa dubban shafukan takardu da saƙonnin imel na cikin gida. A ranar 14 ga Yuni, Waxman da Bart Stupak, shugaban ƙaramin kwamitin bincike, suka aika wa shugaban BP, Tony Hayward, doguwar wasiƙa da ta zayyana wurare biyar da kamfanin ya zaɓi hanya mai sauri da araha ya bar mai aminci. Ɗaya daga ciki ya ishe mu misali. Idan za a zuba siminti a rijiya, ana sa wasu ƙarafa da ke riƙe bututu a tsakiyar rami domin simintin ya zagaye shi daidai. Halliburton ya ba da shawarar a sa 21, BP ya sa 6. Haka kuma an sallami ma'aikatan da aka ɗauko domin su gwada ingancin simintin ba tare da sun yi gwajin ba, a safiyar ranar da rijiyar ta fashe. Lokacin da Hayward ya bayyana a gaban kwamitin ranar 17 ga Yuni ya yi ta nanata cewa ba shi da hannu a waɗannan shawarwari, amsarsa ba ta rage komai ba, domin takardun sun riga sun fita, kuma masu bincike da lauyoyin da suka biyo baya sun same su a shirye.

Abin da ya fi burge ni shi ne rigimar da aka yi a kan adadin man da ke fita. Da farko an ce ganga 1,000 ce a rana, daga baya aka ce 5,000, kuma a kan wannan adadi kamfanin ya daɗe yana tsaye. Ɗan majalisa Ed Markey ya matsa sai da BP ya saki hoton bidiyon bakin rijiyar kai tsaye, kowa ya gani a intanet, masana daga jami'o'i suka yi nasu lissafin, aka gano cewa abin da ke fita ya ninka haka fiye da sau goma. Wannan adadi kuɗi ne tsagwaronsu, domin dokar tsaftar ruwa ta Amurka tana cin tara ne a kan kowace ganga: a wancan lokaci dala 1,100 idan kuskure ne, har zuwa dala 4,300 idan an tabbatar da ganganci. Gwamnati ta ƙiyasta cewa kusan ganga miliyan 5 ce ta fita daga rijiyar, kotu kuma daga baya ta tsayar da ganga miliyan 3.19 a matsayin wadda za a ci tara a kanta. A watan Nuwamban 2012, lokacin da BP ya amsa laifuka 14 ya yarda zai biya dala biliyan 4.5, laifuka 11 na mutuwar ma'aikatan nan ne, ɗaya kuma shi ne yi wa binciken majalisa zagon ƙasa ta hanyar ba ta adadin da kamfanin ya san ba gaskiya ba ne. A ganina wannan laifi ɗaya shi ne ƙashin bayan duk wani sa ido na majalisa. Inda yi wa kwamiti ƙarya ba ya jawo wa mai yi komai, zaman kwamiti hira ce kawai.

Binciken ya kuma tona asirin hukumar gwamnati. A zaman 15 ga Yuni, Markey ya ajiye tsare-tsaren tunkarar malalar mai na manyan kamfanoni biyar a gaban shugabanninsu, ya nuna cewa kusan kwafin juna ne. A cikin yawancinsu akwai bayanin yadda za a kare walrus, wata dabbar ruwa mai haure da ba ta rayuwa sai a tekun ƙanƙara na arewacin duniya, wadda babu ita sam a mashigin Meksiko, wasu kuma sun sa lambar wayar wani masani da ya rasu tun 2005 cikin waɗanda za a kira idan gaggawa ta taso. Hukumar kula da ma'adanai ta gwamnatin tarayya ta karɓi waɗannan takardu ta sa musu hannu. Dalilin bai ɓuya ba: hukuma ɗaya ce take raba wuraren haƙa, take karɓar kuɗin gwamnati daga kamfanoni, kuma take duba kiyaye haɗari. Wanda aka ɗora wa tara kuɗi da wuya ya tsayar da aikin da ke kawo kuɗin.

To, daga nan ne labarin ya juya, kuma a nan ne kukanka yake da tushe. Dokar gurɓatar mai ta 1990, wadda aka yi bayan jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya fashe a Alaska a watan Maris na 1989, ta ƙayyade diyyar asarar da kamfani mai haƙa a teku zai biya a kan dala miliyan 75, ban da kuɗin kwashe man, sai fa idan an tabbatar da ganganci ko keta ƙa'ida. Kowa ya ga cewa wannan adadi bai kai cikin cokali ba, amma majalisa ba ta ɗaga shi ba. Majalisar wakilai ta zartar da ƙudirin gyara ranar 30 ga Yuli, 2010, majalisar dattawa ba ta ko jefa ƙuri'a a kansa ba. Kwamitin binciken da Shugaba Obama ya kafa ƙarƙashin Bob Graham da William Reilly ya yi aikinsa ba tare da ikon sammaci ba, domin wakilai sun amince a ba shi, dattawa suka riƙe. Asusun diyya na dala biliyan 20 a fadar shugaban ƙasa aka cim ma shi da BP. Rarraba hukumar ma'adanai gida uku ma'aikatar cikin gida ce ta yi. Hukuncin cewa BP ya yi ganganci alƙali ne ya yanke a 2014, kuma sulhun dala biliyan 20.8 a kotu aka tabbatar da shi a 2016. Babbar dokar da majalisa ta iya yi ita ce ta 2012 da ta ware kashi 80 cikin ɗari na tarar ga jihohin da abin ya shafa, wato dokar rabon kuɗi, wadda ba ta taɓa yadda ake haƙar mai ba.

Mai neman dalili zai iya tsintarsa a zaman 17 ga Yuni ɗin nan, inda Joe Barton, ɗan majalisa daga Texas kuma babban ɗan jam'iyyar Republican a kwamitin, ya ba Hayward haƙuri a bainar jama'a saboda matsin da aka yi wa kamfaninsa a kan asusun diyya. Ya janye maganar a ranar bayan jam'iyyarsa ta tsawata masa, amma ya riga ya nuna abin da kowa ya sani: akwai mazaɓun da abincin mutanensu yake cikin rijiyar mai, kuma wakilansu ba za su yi dokar da za ta taɓa shi ba, ko da fushin jama'a ya kai ko'ina.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Waxman da Markey ɗin nan su ne suka kawo babban ƙudirin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, wanda ya tsallake majalisar wakilai da ƙyar a watan Yunin 2009, da ƙuri'a 219 a kan 212. A majalisar dattawa ana buƙatar ƙuri'a 60 cikin 100 kafin a wuce masu toshe muhawara, don haka John Kerry da Joe Lieberman da Lindsey Graham suka shiga ciniki, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da aka tanada domin jawo sanatocin da ke goyon bayan masana'antar mai shi ne faɗaɗa haƙar mai a teku. Obama da kansa ya sanar da shirin faɗaɗawar a ƙarshen Maris na 2010, mako uku kafin fashewar. Da rijiyar ta fashe, sai abin da aka yi tayi da shi ya zama guba: sanatocin jihohin gaɓar teku suka ce ba za su taɓa ƙudirin da ke ƙara haƙa ba, waɗancan kuma suka ce ba za su karɓe shi ba idan an cire. Graham, wanda shi kaɗai ne ɗan Republican a tafiyar, ya janye a ƙarshen Afrilu a kan wani saɓani da ya shafi dokar shige da fice, kuma a watan Yuli shugaban masu rinjaye, Harry Reid, ya ajiye ƙudirin. Bala'in da mutane da yawa suka zaci zai tura dokar gaba yana cikin abubuwan da suka binne ta.

Akwai dalili mai zurfi fiye da cinikin sanatoci. Malalar mai tana faruwa ne idan aiki ya ɓaci, kuma tana da rana, da wurin da ta faru, da mai laifi da za a iya kira ya zauna a kujera. Ɗumamar yanayi kuwa tana faruwa ne ko da aiki ya tafi lami lafiya, ko da digon mai bai zuba ba, domin man da ya isa kasuwa aka ƙona shi ne yake haifar da ita. Duk abin da ya fita daga Macondo cikin kwana 87 bai wuce abin da Amurka ke sha cikin kimanin awa shida ba a wancan lokaci. Fushin da ke biyo bayan bala'i yana neman a gyara bututu, a hukunta mai sakaci, a ci gaba da haƙa cikin aminci. Dokar sauyin yanayi tana neman a rage haƙar da ƙonawar baki ɗaya, kuma kuɗinta yana faɗawa a kan mai jefa ƙuri'a tun yau, amfaninta kuwa sai bayan shekaru. Zaman kwamiti na kwana ɗaya bai dace da irin wannan matsala ba.

Abin da ya dace da ita shi ne sa ido na shekara-shekara wanda doka ta wajabta, kuma Birtaniya ce ta fara nuna hanyar da dokarta ta 2008. Dokar ta sa a riƙa ƙayyade iyakar hayaƙin da ƙasar za ta fitar a kowace shekara biyar, ta kafa kwamitin masana mai zaman kansa da ke kai rahoto ga majalisa duk shekara, kuma ta tilasta wa gwamnati ta ba da amsa a rubuce. A 2022 babbar kotu ta yanke cewa shirin gwamnati bai cika sharuɗɗan dokar ba, kuma cikin dalilanta har da cewa rahoton da aka gabatar wa majalisa bai ƙunshi bayanin da zai ba ta damar auna shirin ba. Ka ga a nan ba a jira wani abu ya fashe ba kafin a tambayi minista.

Idan muka dawo Najeriya, majalisarmu ba ta rasa iko a takarda ba. Sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulkin 1999 sun ba ta damar bincike domin yin doka ko gyara ta, da bankaɗo almundahana da sakaci da almubazzaranci, sun kuma ba ta ikon sammaci, har da ba da umarnin kamo wanda ya ƙi amsa gayyata. Abin da ta rasa shi ne ƙwararrun ma'aikata na dindindin da za su karanta takardun injiniyoyi su gane inda aka yanke hanya, da kuma adadi na gaskiya wanda bai fito daga hannun wanda ake tuhuma ba. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a kan yankin Ogoni a watan Agustan 2011, wanda ya gano sinadarin benzin mai haddasa ciwon daji a ruwan shan Nisisioken Ogale ninki 900 fiye da ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ya ce gyaran yankin zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, ya nuna cewa hukumomin sa ido sun dogara da kamfanonin mai wajen isa wuraren da mai ya malala. Hukumar NOSDRA, mai gano malalar mai da tunkararta, wadda aka kafa a 2006, idan a jirgin kamfani za ta je duba ɓarnar kamfani, to rigimar da Markey ya yi a kan adadin ganguna mu tun kafin a fara ta muka sha kaye. Shi ya sa mutanen Bodo sai a kotun Landan suka samu fam miliyan 55 daga Shell a 2015, a kan man da ya malala tun 2008.

Akwai kuma ciwon da dole a faɗa, ko da ba daɗi. Kwamitin majalisar wakilai da ya binciki tallafin man fetur a 2012 ya fito da bayanai masu nauyi, amma shugabansa, Faruk Lawan, ya ƙare a gidan yari bisa laifin karɓar dala 500,000 daga ɗaya daga cikin waɗanda ake bincike, hukuncin da kotun ƙoli ta tabbatar a 2024. Asarar ba tasa ba ce shi kaɗai, domin tun daga lokacin duk kamfanin da kwamiti ya gayyata yana da abin fakewa, jama'a kuma suna da dalilin zargi.

A ɓangaren doka, 2021 ta kawo mana biyu: dokar masana'antar man fetur a watan Agusta, da dokar sauyin yanayi a watan Nuwamba, watan da Shugaba Buhari ya yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Glasgow cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa nan da 2060. Ta farkon ta ɗora wa hukumar NUPRC, mai sa ido a kan haƙar mai, shirya rabon rijiyoyi, da lissafa kuɗin gwamnati, da kula da kiyaye haɗari da muhalli, wato irin haɗin da Amurka ta wargaza bayan Macondo, Birtaniya kuma ta wargaza bayan gobarar dandamalin Piper Alpha da ta kashe mutum 167 a 1988. Ta biyun ta tanadi ƙayyade iyakar hayaƙi da tsarin aiki na shekara biyar-biyar, amma majalisar ƙolin da ke kula da ita shugaban ƙasa ne yake jagoranta, don haka gwamnati ce ke auna kanta, sai dai idan kwamitocin majalisa sun nace a kawo musu alƙaluma duk shekara. Tarihin ƙona iskar gas ya isa gargaɗi: dokar 1979 ta sa ranar 1 ga Janairu, 1984 a matsayin ranar dainawa, kuma har yau wutar tana ci a Neja Delta, domin tarar ta daɗe tana da sauƙi fiye da kuɗin kama gas ɗin.

Saboda haka, Malam, idan ka sake ganin irin wannan zama a talabijin, ka bi diddigin abin da ya biyo baya: ko kwamitin ya karɓi takardun cikin gida na kamfanin ya wallafa su, ko an gabatar da rahotonsa a zauren majalisa an amince da shi, wane sashe na doka aka gyara, kuma nawa aka saki wa NOSDRA daga kasafin shekarar da ta biyo. Mu 'yan Arewa ba 'yan kallo ba ne a wannan batu, tunda an ƙaddamar da aikin mai na Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe a watan Nuwamban 2022, bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano kuma zai ratsa gonakinmu na tsawon kilomita 614. Sanatoci da wakilan waɗannan mazaɓu suna da ikon su nemi a ajiye musu tsarin tunkarar haɗari na kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan tun yanzu, su ba masana daga jami'o'in yankin su karanta shi shafi-shafi, su duba ko an ambaci koguna da rijiyoyin shan ruwa da ƙauyukan da ke wurin da sunayensu, ko kuwa daga tsarin wani yanki aka kwafo shi.